Gwaggo, Malamar da Ta Rufe Makaranta Ranar Talata

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Gwaggo ta riga mu tafiya. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a gidan babban ɗanta a Gusau, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma malamar firamare ce tun kafin a haife ni.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Abin da na fara lura da shi shi ne babu mai daɗewa. Mutanen Tsafe suna shafa addu'a suna duba agogo, don direbansu ya rantse ba zai bi hanya bayan la'asar ba. Na Bunguɗu ma haka. A da, in babba ya rasu, baƙi kan kwana biyu ana hira. Yanzu kowa ya ce "Allah ya ba da haƙuri" sai ya nemi takalminsa.

Tsofaffin ɗalibanta ne kawai suka ɗan zauna. Wani mai gyaran babur da wani ma'aikacin kotu har gardama suka yi a kan tabarma. Mai gyaran babur ya ce bai taɓa jin tsoron mutum kamar yadda ya ji tsoronta ba. Na kotu ya ce shi shekara biyu ya yi a ajinta bai ga ta riƙe bulala ba.

"Ai ba da bulala take duka ba," in ji mai gyaran babur. "Kallonka za ta yi, ta kira sunanka da na ubanka. Wallahi gara bulalar."

Aka yi dariya kaɗan. Daga cikin gida muna jiyo kukan Madam, tsohuwar abokiyar aikin Gwaggo, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna da aikin mijinta ya kawo Gusau tun suna amare. Matata ta ce tun safe ta yafa mayafi ta zauna kusa da Inna, mahaifiyata, an kawo abinci ta ƙi ci.

A rana ta biyu mutum huɗu suka zo daga ƙauyen mijin Gwaggo, wanda ke can gaba da Kekun Waje. Garin da ta yi aure, ta haihu, ta koyar da kusan duk wanda ya iya rubuta sunansa a cikinsa, mutum huɗu ya aiko. Ba su hau tabarma ba, a gefe suka tsuguna. Babbansu ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi gafarta mata abin da munka sani, da wanda ba mu sani ba."

Addu'a ce da kowa ke yi. Amma ya ja ƙarshenta, ya kuma dubi ƙasa. Yaya, babban ɗan Gwaggo, ya yunƙura zai tashi, Baba ya riƙe masa gefen riga. Muka ce amin, suka tafi. Tun daga lokacin na san sai na rubuta wannan, domin akwai maganar da ke yawo a kanta, kuma in muka yi shiru ita za ta rage.

Gwaggo ba ta zaɓi koyarwa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye haka ba. Suna yara a wajen Bunguɗu aka ce wa mai gari ya ba da 'yan mata a sa boko. Masu hali suka ɓoye nasu. Kakanmu manomi ne da ba shi da mai yi masa magana a fada, sai aka rubuta 'yarsa. Baba ya ce ranar da aka tafi da ita kakarmu ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Daga firamare aka wuce da ita makarantar horon malamai mata, daga nan sai aji.

"Ni kama ni anka yi," haka takan ce. "Amma tunda an kama ni, ba ni yin aikin ga da rabin zuciya."

Tana yawan lura da irin mutanen da ke shiga aikin. Takan ce a zamaninsu malami ne mai karanta wa gari wasiƙa, in ana suna a gaba ake shimfiɗa masa. Yanzu in saurayi ya je neman aure ya ce shi malamin firamare ne, sai a tambaye shi, "To, sai me kuma kake yi?" Ta ce duk wanda ya samu wata ƙofa ba ya shigowa ta tasu, kuma su kansu malaman da suka samu dama sai su kwashe 'ya'yansu su kai makarantar kuɗi. Nata 'ya'yan a ajinta suka zauna, a ƙasa, kamar na kowa.

A kan wannan muka yi faɗa da ita. Da ban samu jami'a ba, Baba ya ce in shiga kwalejin ilimi in riƙe koyarwa kafin a samo mini aikin kwastan. Na je na gaya mata ina murna, ina zaton za ta sa mini albarka. Tana tsintar wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kada ka shiga," ta ce.

"Gwaggo, ai aikinki ne."

"Shi ya sa. Aji ba tasha ba ne da za ka zauna kana jiran mota. Ɗiyan mutane ne a ciki."

Na tashi ban yi sallama ba. Wata biyar ban taka gidanta ba, ita ma ba ta aiko ba. Na shiga kwalejin, na gama, aka tura ni wata firamare a ƙauyen Tsafe. Aikin kwastan kuma har yau bai zo ba.

Ina cikin shekarata ta farko, wata safiya ina rubutu a allo sai na ji yara sun miƙe suna gaisuwa. Na juya, ga Gwaggo da jakarta. Ta ce in ci gaba, ta wuce can baya ta zauna a ƙasa tsakanin yara. Na koyar da dukkan ƙarfina. Na yi tambayoyi, aka ɗaga hannu, aka amsa daidai. Da aka fita tara na same ta a gindin darbejiya ina jiran yabo.

"Yara nawa ke ajinka?"

"Sun fi sittin."

"Shida na ga kana koya wa. Sauran gadin aji sunka zo?"

Ta lissafa mini shidan. Ɗan ma'aikacin asibiti, 'ya'yan mai shago biyu, ɗan liman, da wasu biyu masu takalmi. Duk a benci na gaba suke, domin su ne iyayensu za su zo su yi magana in an mayar da su baya. Ta ce akwai yarinya a jikin taga da ba ta ganin allo, tana kwafa ne daga littafin maƙwabciyarta har da kurakuran. Wata huɗu ina koyar da yarinyar ban sani ba.

A ajinta ba mai wurin zama na dindindin. Duk Litinin layin gaba ya koma baya, kowa ya matso. Iyaye masu hali sun sha kai ƙararta a kan haka. Ba ta fara darasi sai ta bi ƙafafun yara da kallo, ta san wanda ya yi tafiya mai nisa da wanda ya fito daga bayan makaranta. In damina ta faɗi, 'ya'yan manoma suka ɗauke ƙafa, sauran malamai kan ce mutanen ƙauye ba su san darajar ilimi ba. Ita sai ta ce, "Ubansa bai ƙi boko ba. Gero ne ba ya jiran a yi hutu." Bayan an yi girbi takan maimaita musu duk abin da ya wuce su, ko da manhaja ta ce a ci gaba.

A ƙauyen mijinta ne ta koyar da wani yaro daga ruga. Shi kaɗai ne ɗan makiyaya a makarantar. Yana tahowa a ƙasa daga nesa, Hausarsa ba ta nuna ba, yara suna toshe hanci suna kiransa ɗan daji. Gwaggo ta lura in aka zo lissafi shi ke riga kowa, sai dai ba ya iya faɗin amsar. Sai ta fito da shi gaban aji ta ce yau shi ne malami, ya koya musu ƙirga da Fillanci. Ya ce go'o, aji ya ce go'o. Ya ce ɗiɗi, tati, har ita tana maimaitawa tana kuskure yana gyara mata. Ta ce ranar ce ta fara ganin haƙoransa.

Yana aji huɗu shanun gidansu suka shiga wata gona, kuma gonar ta hedimasta ce. Washegari masu latti sun fi goma, amma shi kaɗai aka kwantar a gaban taron safe. Hedimasta ya yi masa dukan da ba na latti ba, ya ce ya je ya nuna wa ubansa. Gwaggo ta bi hedimasta har ofis, ba ta ko rufe ƙofa ba.

"Malam, yaron ga ka daka ko shanun ubanai?"

Ya ce ta fita. Ta ce ba ta fita sai ya amsa. Duk makaranta na ji. Kafin ƙarshen zangon aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Tsafe, tana da goyo. Yaron kuwa bai sake zuwa ba. Sau biyu ta je rugarsu, a na biyun ta tarar sun tashi, sai turaku da busasshen kashin shanu.

Bayan shekaru masu yawa ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta koma ƙauyen da zama. Lokacin ɓarayin daji sun fara tare hanyoyi. Malaman da ake turowa daga gari suka rage zuwa, daga baya suka daina. Gwaggo ta karɓi makullin makarantar daga hannun mai gari, ta haɗa yara duka a aji biyu, tana zirga-zirga tsakaninsu da sandarta. Yaya ya yi ta roƙonta ta dawo Gusau, ta ce in ta tafi wa zai buɗe ƙofa.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi, kuma sau ɗaya ta ba ni labarin. Wata Litinin bayan la'asar wayarta ta yi ƙara, lambar da ba ta sani ba. Muryar babban mutum ce.

"Malama ce?"

"Ni ce. Wa ke magana?"

Sai ya ce, "Go'o, ɗiɗi, tati."

Ta ce nan take ta gane yaron rugar nan ne. Ta kira sunansa, ta tambaye shi inda yake, ta tambayi mahaifiyarsa. Bai amsa ko ɗaya ba.

"Malama, gobe kada yaro ko ɗaya shi zo makaranta. Ke ma kada ki zo."

Ya kashe. Ta kira, wayar a rufe. Har ta rasu ba ta san inda ya samu lambarta ba, kuma ta ce wannan ya fi komai tsorata ta, domin yana nufin a cikin garin akwai mai ba su labari.

Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta tafi wurin mai gari ta faɗa masa. Ya tambaye ta wa ya gaya mata, ta faɗi gaskiya. Da ta ce mafarki ta yi, ko ta ce jikinta ne ba daɗi ba za ta buɗe makaranta ba, da yau tana kwance kusa da mijinta. Amma Gwaggo ba ta iya irin wannan ba. Kafin magariba ta bi gida gida da sandarta tana cewa gobe ba makaranta, kowa ya riƙe ɗansa.

Talata da hantsi babura suka shigo ta bayan makarantar. Suka tarar da azuzuwa a kulle. Suka ɓalle ƙofofi, suka tara bencina da littattafai a fili suka cinna musu wuta. A hanyarsu ta fita suka tarar da magidanta biyu a gona suka tafi da su. Ɗaya ya dawo bayan watanni, ɗayan bai dawo ba.

Kwana biyu ana shigowa gidanta ana yi mata godiya, mata suna kuka suna riƙe hannunta. A kwana na uku maganar ta juya. Dangin waɗanda aka ɗauka suka fara tambaya: in ta san za a zo, me ya sa ba ta ce kada a je gona ba? Me ya sa ita kaɗai ake kira? Tun yaushe suke magana? Wani ya tuna ita ce ta taɓa yin faɗa da hedimasta saboda ɗan ruga. Sai kalmar ta fito, infoma, mai kai wa ɓarayi labari. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da ke samun mutumin da aka liƙa wa wannan suna.

Ranar Juma'a 'yan sa-kai suka zo, samarin gari masu tsaro, da bindigoginsu na gargajiya. Ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Shugabansu ya nemi wayarta, ta miƙa masa. Ya fara yi mata tambayoyi, ta dube shi ta kira sunansa da na ubansa.

"Kai da wanda ya kira ni benci guda kunka zauna. Kai ne mai toshe hanci. Ka manta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sallami yaransa su jira shi a waje, sannan ya rage murya.

"Malama, ɗiyana biyu na cikin waɗanda kinka hana zuwa. Ni na san ki. Amma ba duka yarana ne sunka zauna ajinki ba. Ki bar garin ga kafin Lahadi."

Asabar da safe Yaya ya je da mota ya ɗauko ta, da jaka ɗaya da buta. Babu wanda ya fito rakiya.

Ban taɓa jin ta wanke wancan mutumin da ya kira ta a waya ba. Na taɓa ce mata ai ya yi halacci, sai ta ɓata rai. Ta ce wanda ya san za a kwashe yara ya kuma hau babur ya zo, ba a kiransa mai halacci. "Kuma ban ce bulala ta maishe shi abin da ya zama ba. An daki yara da yawa ba su ɗauki bindiga ba. Abin da na sani, ranar da makaranta ta ce ba ta son shi ina tsaye wurin."

A Gusau ta yi makonni ba ta fita ko ƙofar gida. Madam ce ta fitar da ita. Ta zo ta ce mata akwai 'yan gudun hijira daga wajen Wonaka da Ruwan Bore a wani kango bayan layinsu, yara sun yi yawa, ba mai zuwa makaranta. Washegari tsofaffin nan biyu suka shafa wa bangon kangon baƙin fenti suka fara. Kullum sai sun yi gardama a gaban yara, Madam ta ce a fara da haruffa, Gwaggo ta ce a fara da sunan kowa. Haka suka yi ta yi har ciwon ƙafa ya kwantar da Gwaggo, daga ƙafa kuma ya hau sama.

Mako biyu kafin rasuwarta na je duba ta da takarda a aljihu. Na samu wanda zai taimaka a mayar da ni wata makaranta cikin Gusau, sa hannuna kawai ake jira. Na faɗa mata ina kallon ƙasa, ina jiran faɗa.

"Malamai nawa sunka rage can wurinku?"

"Mu biyu ne."

Hannunta ya rame har zoben ya koma babban yatsa.

"Ba ni ce maka ka zauna," ta ce. "Kana da mata da ɗiya. Ni duk rayuwata ina bin gidaje ina cewa a turo yara makaranta. Yanzu in uwa ta tambaye ni ko ta turo nata, ban san mi zan ce mata ba."

Tunda nake ban taɓa jin Gwaggo ta ce ba ta san amsa ba. Na fita daga ɗakin ina cewa a raina gara da zagina ta yi.

Bayan addu'ar bakwai na koma bakin aiki, takardar na nan a aljihuna ban sa hannu ba, ban kuma yaga ba. Daga Gusau zuwa Tsafe ba mai magana a motar. Bayan an sauka daga kwalta, gonaki ne dama da hagu, dawa ta nuna ta sunkuya ba mai yanka. Abokin aikina bai zo ba, an ce ya kai iyalinsa gari. Na buɗe aji na share, yara goma sha tara suka zo.

Da aka tashi na tarar da wani magidanci a gindin darbejiya, tun safe ashe yana nan yana jiran 'yarsa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce labarin Malama ya iso su. Sannan ya matso kusa.

"Malam, kai ma in ka ji wani abu ka hwaɗa muna. Mu ba mu yi maka abin da anka yi mata."

Na ce to. Yana maganar yana duban wayar da ke aljihun rigata, kuma bai ɗauke idonsa ba har na gama amsawa.

'Yar tasa, 'yar aji biyu, ta rataya jakar buhunta ta tsaya a gabana.

"Malam, gobe akwai makaranta?"

Na dubi hanyar da ta fito daga daji ta bi ta bayan azuzuwa. Ba kowa a kanta.

"Akwai," na ce. "Ki zo da wuri."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya wanke sunanta a bakin waɗanda ta tsare wa 'ya'ya. Mu da muka rage a cikin azuzuwa, Allah ya kai mu gobe lafiya, mu da yaran mutane.